Garin Neman Gira: Wasiƙar Mai Sayar Da 'Yan Tsaki Kan Saƙon Tes Na Kasuwanci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da ya fara zama ruwan dare a kasuwannin Kano, wato tura saƙon tes ga kwastomomi masu yawa a lokaci guda ta kwamfuta. Ni ba masanin kwamfuta ba ne. 'Yan tsaki nake sayarwa, da abincin kaji da magungunansu, a wani ɗan shago a yankin Tarauni. Amma tun 2020 nake wannan tura saƙo. Na ci ribarsa, na kuma sha kunyarsa, kuma kunyar ce ta sa na zauna rubuto maka.

Sana'armu ta gaggawa ce. Mai atamfa a Kantin Kwari in dilarsa ta iso yau, ko bayan wata uku aka zo saye tana nan lafiya lau. Mai taliya a Singa ma haka. Mu kuwa kayanmu rai gare su. A kudu ake ƙyanƙyashe su, galibi wajajen Ibadan, a zuba su hamsin-hamsin a katan, mota ta kwana da su a hanya, su iso Kano ba ci ba sha. In bazara ce zafi ya gasa su, in hunturu ne sanyi ya sa su dunƙule waje ɗaya har su danne na ƙasa. Duk awar da katan ya ƙara a shagona ba a zo an ɗauka ba, asara ce take ƙwanƙwasa ƙofa. Kuma yawancin masu sayen kayana matan aure ne masu kiwo a tsakar gida ko a bayan ɗaki, wata katan ɗaya, wata rabin katan ta haɗa da maƙwabciya. Ba su ne ke zuwa ba, yaro ake aikowa ko mai Adaidaita.

A da, in direba ya kira ya ce sun wuce Zariya, sai in buɗe littafi in fara kira ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma san Bahaushe, ba a faɗa masa magana a tsaye. Sai an yi ina kwana, ya gida, ya yara, ya mai jiki, kafin a ce Hajiya kayanki sun iso. Mutum sittin ko saba'in, kafin in kai ƙarshen shafi hantsi ya dubi ludayi, katin waya ya ƙare, muryata ta dushe. Wasu wayar a kashe, wasu tana hannun maigida ya tafi da ita kasuwa.

Lokacin kullen korona, da aka rufe makarantu, ɗan yayata da ke karatu a Kano Poly ya dawo yana taya ni zama a shago. Ya kalle ni ina wannan kiraye-kirayen kwana biyu, ran na uku ya ce, "Kawu, wannan wahalar da kake sha, kwamfutata za ta yi maka ita kafin ka sha shayi." Na ce masa in ya isa ya gwada. Ya gwada, ya kuma isa.

Ga yadda abin yake, don masu shago irina da suke jin labarinsa daga nesa. Akwai kamfanoni a intanet da suka ƙulla da kamfanonin waya, suna sayar da saƙo a sari. Za ka buɗe asusu a shafinsu, ka tura musu kuɗi su zuba maka adadin saƙon da ka saya, kamar dai yadda ake loda kati. Sai ka ɗora musu jerin lambobinka da ka shirya a manhajar lissafi ta Excel, suna a gefe, lamba a gefe. Ka rubuta saƙo sau ɗaya, ka bar gurbin suna, kwamfuta ta riƙa cike gurbin da sunan kowa, ta yadda kowace za ta ga kamar ita kaɗai aka rubuta wa. Kana iya saita lokaci ma, ka rubuta da daddare ka ce a sake shi ƙarfe takwas na safe. A saman saƙon kuma ba lambar waya ce ke fita ba, sunan shagonka ne, amma kada ya wuce harafi 11. Sai da muka yi ta datse sunan shagona kamar ana yi wa yaro aski kafin ya shiga. Yanzu ma ba a ba da sunan sai an tantance, ni sai da na tura takardar rajistar kasuwancina ta CAC. Abu ɗaya da sababbin shiga ke mantawa: ba a iya mayar da amsa ga suna. In ba ka sa lambarka a cikin saƙon ba, wadda ta karanta ba ta da hanyar ce maka tana asibiti, a riƙe mata kayanta.

Yaron nan ya ba ni dariya da ya ce ai saƙon tes na farko a duniya ma daga kwamfuta aka tura shi zuwa waya, a Ingila, ranar 3 ga Disamba 1992, gaisuwar Kirsimeti ce kalma biyu. Na ce ashe mu ne muka zo a makare. Mu da wayar salula ta GSM ba ta shigo mana ba sai 2001, lokacin da kuɗin layi kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci.

Ranar farko mun sha kashi. Muka ɗora lamba ɗari uku da wani abu, rahoto ya dawo wai ba a kai ko ɗaya ba. Ashe laifinmu ne, ba mu gaya wa kwamfuta cewa lambobin waya ne ba, ita kuma ta ɗauke su lissafi, a lissafi kuwa ba a fara adadi da sifili, duk ta cinye sifilin farko. Da muka gyara muka sa 234 a gaba, ta ga adadin ya yi tsawo ta dunƙule shi da wasu alamomi. Maganin ɗan ƙarami ne: a mayar da layin lambobin ya zama na rubutu kafin a fara shigarwa. Na faɗi wannan ne don na san wani zai faɗa ramin.

Za a ce me ya hana ni WhatsApp, tunda kusan kyauta ne? Ina amfani da shi, amma bai ɗauke mini wannan aikin ba. Rabin kwastomomina ƙaramar waya gare su, irin wadda samari suka laƙaba wa sunan da ba zan rubuta a jarida ba. Masu babbar kuma data sai an yi dalili ake kunnawa, saƙon asuba sai a gan shi bayan la'asar. Jerin watsa saƙo na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka a wayarsa ba saƙon ba zai je masa ba. In ka ce zaure za ka buɗe, ka baje lambobin matan mutane a faifai ke nan, kowane ɗan zaure yana gani. Na taɓa buɗewa, sati biyu na rufe. Tes kuwa ko wace irin waya ce yana shiga, ba ruwansa da data, kuma ko uwar gida ba ta yi boko ba akwai ɗan firamare a gidan da zai karanta mata.

Yanzu ga wani abu da na daɗe ina son masu jarida irinku su sani, tunda ku ne masu kishin rubutun Hausa. Saƙon tes shafi-shafi ake lissafa shi, kuma kowane shafi kuɗinsa daban. Shafi ɗaya harafi 160 ne, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Amma wannan 160 ɗin na haruffan da Turawa suka zaɓa ne lokacin da suka tsara abin. Sun sa nasu masu ɗige-ɗige a ka na Jamusanci, sun sa na Faransanci da na Sifaniyanci, har da wasu na Girka. Ƙ da ɗ da ɓ ba sa ciki. Da zarar harafi ɗaya tak mai lanƙwasa ya shiga saƙonka, sai a juya saƙon gaba ɗaya zuwa wani tsari, shafin ya koma harafi 70. In saƙon ya wuce shafi ɗaya ma ragi ake yi, don ana cire wani abu na ɗinke shafukan: mai 160 ya koma 153, mai 70 ya koma 67. Ka lissafa da kanka, Malam Edita. Saƙo mai harafi 150, in na rubuta shi da Hausar da aka aske wa lanƙwasa, shafi ɗaya ne. In na rubuta shi yadda malaminmu na Hausa ya koya mana da bulala a hannu, shafi uku ne. Kuɗi ninki uku, a kan mutum ɗari shida, sau biyu a mako.

To wane ɗan kasuwa ne zai biya? Sai mu aske. In rubuta "abincin ya kare", in bar mai karatu ya raba tsakanin ƙarewa da kare mai haushi. In rubuta "akwai farare da bakake", "masu kwai", "an yi karin kudi". Manya suna ganewa don sun san maganar tun kafin su ga rubutun. Amma yaran nan da ke karanta wa iyayensu, da wannan rubutun suke tashi, shi suke gani a waya safe da yamma, sai ka ga ɗan sakandare yana rubuta "kasa" yana nufin ƙasa bai ma san akwai bambanci ba. Ina ganin haka a rasit ɗin da yaran shagona ke rubutawa da biro, inda babu wanda zai caje su ko kwabo don sun lanƙwasa harafi.

Akwai tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma ni ya fi kamawa saboda sunan hajata. Kalmar 'yan da alamar ɗauri take farawa. Alamar iri biyu ce a kwamfuta, akwai miƙaƙƙiya akwai mai lanƙwasa. Miƙaƙƙiyar tana cikin haruffa masu araha, ɗayar ba ta ciki. In ka rubuta saƙonka a manhajar buga takardu, ita da kanta take lanƙwasa alamar don ado, kai kuma ka kwafo ka liƙa ba ka lura ba. Wata guda ina ganin kuɗina na zurarewa kamar an huda buhu, ina zargin kowa, ashe wannan ɗan ɗigon ne. Haka alamar naira, mai N da sanda biyu a tsakiya. Alamar fam tana ciki, ta dala tana ciki, ta kuɗin Japan ma tana ciki, tamu babu. Shi ya sa muke rubuta N zalla. Wani dattijo cikin kwastomomina ya taɓa ce mini in riƙa turo masa da ajami, shi ya fi ganewa. Zai yiwu, amma shi ma a 70 ɗin yake. Da aka ƙara kuɗin kira da na saƙo a farkon 2025, tes na waya ya tashi daga naira 4 zuwa 6, masu sari ma suka ɗaga nasu, sai askin ya ƙara tsananta.

Wannan duk ƙorafi ne a kan abin da ba ni na jawo ba. Ga wanda na jawo da hannuna.

Kasuwarmu tana da lokacin da take tashi. Buroila, wato kazar nama, sati shida zuwa takwas take kai wa yanka, don haka mai son sayar da kaji a ƙaramar salla tun tsakiyar Sha'aban take zuba 'yan tsaki. A irin wannan lokacin ne wani saurayi ya shigo shagona, tsaf da shi, da filashi na ajiye bayanan kwamfuta a hannu. Ya ce yana da lambobin mutum dubu ashirin na Tarauni da Nassarawa da Kumbotso, da sunaye, an ware maza daban mata daban, har da mazaɓa. Na tambaye shi inda ya samo. Ko kunya babu ya ce daga takardun da ake cikewa ne in an ce za a raba tallafi ko za a koyar da sana'a, yana da masu kwafo masa. Ɗan yayata ya ja ni gefe ya ce, "Kawu, kada ka saya. Mutanen nan ba kai suka ba lambarsu ba." Na ce masa yaro bai san wuta ba sai ya taka, kasuwa ai talla ce, mai tallan goro ma ba ya neman izini kafin ya yi sallama. Ashe ni ne yaron.

Na zaɓi na mata, kusan dubu tara, na tura musu talla da sunan kowace a sama, na sa lambata a ƙasa. Kwana uku a jere na yi haka, don an ce mini sai an maimaita ake ji.

Wayata ba ta huta ba, amma ba ciniki ba ne. Kira na farko da ba zan manta ba na wani magidanci ne. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Malam, kai waye? A ina ka san matata har ka san sunanta na yanka?" Na fara bayani wai ai kwamfuta ce, ya ce kwamfutar ce ta je gidansu ta tambayo sunan? Ya ce tun jiya gidansa babu zaman lafiya, ta rantse ba ta san ni ba, shi kuma ya kasa gane yadda baƙo zai kira ta da sunan da ko shi ba ya kiranta da shi. Na ba shi haƙuri har na rasa kalmar da zan ƙara. Ban san yadda suka ƙare ba, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. A garin nan saƙo zuwa wayar matar aure ba ƙaramin abu ba ne, ni ma na sani, kwaɗayi ne ya rufe mini ido. Wasu suka ɗauka ɗan damfara ne, kuma ban ga laifinsu ba, don kullum ana turo wa mutane saƙo da suna mai kama da na banki wai an rufe BVN a kira wata lamba. Wata tsohuwa kuma ta yi ta kira tana tambaya ko tallafin ne ya fito, kaji za a raba? Cikin dubu taran nan, waɗanda suka sayi wani abu ba su cika tafin hannu biyu ba.

Asarar kuɗin saƙon ba ta dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito da lambar 2442. Duk wanda ya gaji da saƙonnin talla ya tura STOP zuwa lambar, a toshe masa su. Tsari ne mai kyau, ni ma ina goyon bayansa. To ashe a cikin jerin da na saya akwai tsofaffin kwastomomina da yawa, tunda unguwannin ɗaya ne. Sun sami tallan nan sau uku, ga kuma saƙon da na saba turo musu, ga na 'yan siyasa, ga na masu cacar ƙwallo, ga na masu ba da bashi. Wasu 'ya'yansu suka karɓi wayar suka tura STOP, a huta. Toshewar kuwa ba ta san wannan saƙon kaji sun iso ne, wancan na caca ne ba. Duk abin da ya biyo ta hanyar talla, ƙofa a rufe.

Ranar da mota ta gaba ta iso, na tura saƙona na koma sauke kaya, ban duba rahoto ba. Azahar ta yi ina da katan bakwai ba a zo ɗauka ba, ga zafin Maris, ga wuta an ɗauke. Muka buɗe katan-katan muna fifita da kwali, muna ɗiga musu ruwan gulukos a baki. Da na kira wata Hajiya da ta fi shekara huɗu tana sayen kayana, ta ce, "Haba Alhaji, tun safe nake duba waya, na ɗauka motar ce ba ta zo ba." Cikin katan biyu nata, goma sha ɗaya suka mutu kafin magariba, sauran ma ba su yi ƙwari yadda ya kamata ba. Kuɗin adashinta ne ta zuba. Na biya ta waɗanda suka mutu, amma ribar sallar da ta sa rai ba ni da hanyar biya.

Bayan nan ne na san cewa hanyar tura saƙon ma biyu ce. Akwai ta talla, mai araha, wadda 2442 ke tarewa. Akwai ta sanarwa, irin wadda alat na banki ke bi, ta fi tsada, tana shiga ko an toshe, amma sharaɗinta kada a cusa talla a ciki. Yanzu saƙon isowar kaya da na tunin rigakafin kaji na Gumboro da Lasota ta nan nake tura su. Sai dai na lura wasu sun fara satar hanyar suna tura tallansu ta cikinta, kuma in aka ci gaba da haka ita ma tsaurara ta za a yi, wake ɗaya ya ɓata mana gari.

Na kuma san cewa abin da na yi ba rashin kyautawa ba ne kawai. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, aka kafa mata hukuma a Abuja. A ƙarƙashinta lambar wayar mutum da sunansa bayanansa ne, ba a yi masa talla kai tsaye da su sai da yardarsa, kuma yana da ikon cewa a daina. Ban taɓa jin an yi wannan bayanin a taron ƙungiyar kasuwa ba, ko a masallacin kasuwa, alhali kafin dokar Abuja akwai wadda muka tashi da ita: abin da aka ba ka don wani dalili, ba ka juya shi zuwa wani dalilin. Matar da ta ba ni lambarta don in sanar da ita isowar kaji, ba ta ba ni don in sayar wa mai maganin basir ba. An taɓa zuwa neman sayen jerin nawa, har da farashi mai kyau, tunda nawa na masu kiwo ne zalla. Na ce a kai kasuwa.

Jerin ma kansa yana son kulawa kamar keji. Layi yana mutuwa. Tun da aka fara haɗa layi da lambar NIN a ƙarshen 2020 an rufe layuka da yawa, kuma layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana sake sayar wa wani. Sai ka yi ta tura "Hajiya, ranar rigakafi ta yi" ga wani bawan Allah a Fatakwal da bai taɓa riƙe kaza mai rai ba. Mutane ma suna mutuwa. Wani yaro ya taɓa zuwa shago ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce don Allah a cire lambar mahaifiyarsu, wata biyar ke nan da rasuwarta, wayar tana hannun babansu, duk sanda saƙo ya shigo da sunanta sai ya yini bai yi magana ba. Lokacin da nake kira da bakina, da tun makon farko na ji, da na je ta'aziyya. Kwamfuta ba ta jin an yi rasuwa. Tun daga ranar, duk wadda ta yi wata uku ba ta sayi komai ba, kiranta nake yi da kaina kafin in sake tura mata wani abu.

A littafin shago yanzu akwai layi na musamman. In sabuwar kwastoma ta aiko, ana tambaya: a riƙa turo saƙo? A wannan lambar ko ta maigida? Wasu da kansu suke cewa a sa ta maigidan, an huta da tambaya. Na daina saƙon barka da Juma'a gaba ɗaya. Na san wasu abokan sana'ata ba za su ji daɗi ba, amma gaisuwar da aka tura wa mutum dubu da dannawa ɗaya ban ga ladan zumunci a cikinta ba, cika waya ce kawai, kuma ita ke sa ranar da ka turo magana mai muhimmanci a share ba a karanta ba. Ba na turawa da daddare, ba na turawa da azumi dab da shan ruwa lokacin da kowace mace tana bakin murhu.

Roƙona ga NCC ta bakin jaridarku guda biyu ne. Wanda ya tura HELP zuwa 2442 ana ba shi zaɓi, ya toshe wasu ya bar wasu, kamar na banki ko na lafiya ko na ilimi. Amma amsar da Turanci take zuwa, don haka mutanenmu STOP kaɗai suka sani, ALLOW da ake buɗewa da ita ma ba kowa ya taɓa ji ba. A mayar da wannan bayani da Hausa, a kuma faɗe shi a gidajen rediyon Kano, inda matan nan suke sauraro suna aiki. Haka lambar kai ƙorafi ta 622, a sanar da ita yadda ake sanar da ranar rigakafin yara. Na biyu, a zauna da kamfanonin waya a kan lissafin shafi. Ba na cewa a sauya tsarin duniya saboda mu. Amma farashi a nan gida ake yanka shi, kuma babu abin da zai hana a ce saƙon da aka rubuta da haruffan harsunan ƙasar nan kada a caje shi ninki uku. Yarbawa da Ibo ma masu ɗigo a ƙarƙashin harafi wannan kuɗin suke biya.

Ku kuma, Malam Edita, ku turo wakilinku ya bi sawun masu sayar da lambobin nan. Ba ɓoye suke ba, shago-shago suke bi, kuma kakar zaɓe kasuwarsu ta fi ta kowa ci. A tambayi masu raba fom na tallafi ina takardun suke kwana bayan an gama ɗaukar hoto. In ya zo Tarauni ya nemi masu abincin kaji, filashin yana nan a aljihun teburina, ban goge ba don ya zama shaida. Zan nuna masa har layin da ɗan yayata ya gano daga baya, mai ɗauke da sunan uwargidana da lambarta da mazaɓarmu. Ta cike fom ɗin koyon ɗinki ne shekarun baya, ba a taɓa kiranta ba. Tallana uku duk sun shiga wayarta, ta yi shiru ba ta ce komai ba sai da ƙura ta lafa, ranar nan tana zuba mini tuwo ta ce, "Alhaji, wai nawa ka sayi lambar tawa?"

Wassalam.

Naka,
Mai shagon 'yan tsaki da abincin kaji,
Tarauni, Kano.